Saye Ya Zo Yi

Wani mai butik, wato kanti, a kasuwar Dakoro ya jefa wa mutumin da nake koya wa sayayya guntun sabulu sadaka. Ina tsaye a bayansa, na ji faɗuwar sabulun.

Ni makaho ne tun ina ƙarami, ƙyanda ta ci idona. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ba. Na yi bara, na bari. Kasuwa na iya, ita nake koya wa waɗanda makanta ta samu da girmansu: su sayi sabulu, man shafawa da reza da kansu.

Mutumin manomi ne daga Korahane, ya girme ni. Idonsa ya mutu a hankali, aka kawo shi gidan ƙanensa a gari. Abin da aka ga dama shi ake sayo masa. Da sabulun wanki yake wanka, fatarsa ta tsattsage, yana susa har a sahu. Mutane suka fara matsawa daga gare shi a masallaci, sai ya daina fita. Ya ce mini a ɗaki zai ƙare kwanansa.

Na zaunar da shi bisa tabarma, na ba shi sabulun wanki da na wanka, na ce ya sunsuna, ya karce da farce. Na wanki yana da kaushi, warinsa na hawa kai. Man shafawa kuwa a ɗora a bayan hannu, in yana warin tsohon man gyaɗa a mayar musu. Reza in an taɓa buɗe takardarta a bar ta. Ya kama da wuri. Sai na faɗa masa babbar doka.

"Yaya, in ka isa, yi sallama, ka ce miƙo mini sabulu in duba. Kar ka ce don Allah."

"Haba! In nemi abu wurin mutum babu don Allah? Ni soja ne?"

"Mai ido in ya faɗa, ladabi ne. Kai in ka faɗa da sanda a hannu, bara ce."

Ya yi dariya, ya ce makanta ta sa mini baƙar zuciya.

Ranar kasuwa muka je, na tsaya baya. Ya yi sallama, ya gaida Alhajin butik, ya tambayi iyali. Sannan bakinsa ya koma kan abin da ya saba.

"Don Allah Alhaji, sabulu..."

Ba a bari ya ƙarasa ba. "Ungo Baba, Allah ya ba da haƙuri, matsa ka ba masu saye hanya." Sabulun ya bugi ƙafarsa.

Na ji numfashinsa ya sauya. Mutumin da ya saba fid da zakkar hatsi duk kaka! Na ji sandarsa ta juya wajen gida. Na san in ya tafi ba zai ƙara fitowa ba, sai na riƙe masa riga.

Na ce, "Alhaji, ya roƙe ka?"

"To, ga sarkin makafi ya iso."

"Saye ya zo yi. Sauko da kayanka."

"Makaho ma zaɓe yake?"

"Jikinsa ne ko naka?"

Masu shan shayi a gefe suka kwashe da dariya. Har yau ban san wa suke yi wa ba.

Na ce, "Yaya, yi magana."

Can ya ce, "Miƙo mini na wanka." Aka miƙo, ya sunsuna, ya mayar. Aka miƙo wani, ya karce, ya ce wannan. Ya biya. Guntun da ke ƙasa ba wanda ya duƙa masa.

Sai a ƙofar gida ya yi mini magana.

"Ashe har maganar kirki makanta ke ƙwace wa mutum."

Na ce ba makanta ba ce, mutane ne.

Ya koma masallaci. Yana zuwa kasuwa shi kaɗai, yana magana a tsaye kamar mai karɓar haraji, dattijon da a da har yara yake lallashi kafin ya aike su. Ni na koya masa, amma mutane ne suka jawo.

Yanzu ina nan Dakoro, a ɗakin haya bayan tasha. Gwiwa ta fara ciwo, ba kullum nake kaiwa kasuwa ba. Wata mata daga garin Mai Yara nake koya wa, jibi za ta fara shiga butik da kanta.