Giwa a Kan Keke

Duk lokacin da na wuce shagon kafinta, ƙamshin sabon katako ya daki hancina, sai in tuna da wata giwa mai tuƙa keke.

A unguwar Bolori na tashi, lokacin da gidaje ba su yi yawa ba. Kakana na wajen uba mai ɗinkin hula ne. Ina yarinya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi da bazara, hannunsa na dama ya daina motsi. Daga nan ya juya wa duniya baya. In an kawo masa burabusko sai ya ture, in an gaishe shi sai ya kalli bango. Na ji mahaifiyata tana cewa da ƙyar tsohon ya ga ƙarshen damina.

Muna da maƙwabci Ibo, Kirista, mai shagon kwanuka a kasuwa. Wata rana bayan la'asar ya shigo zaure da ƙaramin akwati, ya gai da Kaka da yaren garin, "Wushe, Baba," ya juye akwatin a kan faranti. Guntayen katako ne masu launi, an yayyanka su karkace-karkace, sai an harhaɗa hoto ya fito. A murfin akwatin ga giwa a kan keke, ta riƙe laima da hancinta, tsuntsaye sanye da takalma suna biye da ita.

"Ni za ka kawo wa wasan yara?" in ji Kaka. Maganarsa ta farko ke nan cikin kwanaki.

"Nawa ne, Baba. Gidana yara sun cika, ba wurin zama."

Haka ya riƙa zuwa kullum. Sai ya ɗauki guntu ya cusa inda bai dace ba, ya danna da ƙarfi. Yanzu na san da gangan yake yi. Mutumin da ya tsufa yana daidaita zare ba zai iya kallon ɓarna ya yi shiru ba. Wata rana Kaka ya yi tsaki, ya miƙa hannun hagu ya gyara.

Aikin da wuya. Launin jikin giwar duk ɗaya ne, sai ka yini kana neman guntu guda. Ana ruwa a waje, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa zaure, su biyu sun sunkuya, ni ina ware musu shuɗi daban, toka-toka daban. Kaka ya koma cin abinci. Har maƙwabcin ya fara ɗora masa guntu a ƙarƙashin yatsun dama, ya ce, "Tura kawai, Baba."

Saura sararin sama su gama, ƙasa ta rikice. Aka fara cewa Ibo, mutanen gabas, su tafi. Mahaifina ya ɓoye maƙwabcin da iyalinsa a cikin gidanmu har aka samu hanya. Da safen da za su tafi maƙwabcin ya durƙusa gaban Kaka. Kaka ya yunƙura, gumi na keto masa, ya ɗaga hannun daman nan kaɗan daga cinyarsa. Maƙwabcin ya kama shi da hannu biyu.

"Ka dawo mu ƙarasa," in ji Kaka.

Bayan nan na taɓa ɗaukar guntun shuɗi zan saka. Ya ce, "Ajiye, 'yar nan. Ba da ke muka fara ba." Haka farantin ya zauna a lulluɓe har Allah ya karɓi ransa. Maƙwabcin bai dawo ba, ba mu kuma ji labarinsa ba.

Yau unguwar ta cika, keke napep na ta kaiwa da komowa inda zaurenmu yake a da. Na kai shekarun Kaka. Kowa yana bayan katangarsa da ƙofar ƙarfe. In an ƙwanƙwasa bayan la'asar, sai an tambayi ko wane ne kafin a buɗe. Ni kam nakan ce wa jikokina su buɗe kawai.