Wanda Ya Ajiye Mana Wardi a Ƙofa

Ni dai karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, na allo kuma na kai inda na kai, amma ko a wane aji ba a taɓa koya mini cewa mutum mai hankali zai ajiye wa ɗan'uwansa abu a bakin ƙofa ya sulale ba sallama ba. Shekara talatin da wani abu muka yi a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki. A can idan maƙwabciya ta aiko da abu, to abin ci ne, a kwano yake, an ƙwanƙwasa, an faɗi daga wa ya fito. Ka san wanda za ka yi wa godiya, idan kuma cikinka ya murɗa ka san wanda za ka zarga.

A shekarun da ake ta rushe-rushe a gari muka koma unguwar Ka'akiyya, ni da Hajiya, yara duk sun kama gabansu. Allah ya ba mu shagga, wato sashen haya a gidan bene, a hawan ƙasa, ɗaki biyu da falo, ba matakala ko ɗaya, masallaci kuma taku kaɗan. Ga mai gwiwa irin tawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun ranar farko na ce nan za a ɗauki gawata. Hajiya ta ce in yi wa kaina fata ni kaɗai, ita gidan bai kwanta mata ba, ba a jin Hausa, ba a jin ƙamshin daddawa, kowa ya rufe ƙofa kamar mai ɓoyon kayan sata.

Wata safiya, a 'yan kwanakin nan da sanyi ya tafi zafi kuma bai gama ɗaura ɗamara ba, na buɗe ƙofa zan je sayen burodi. Sai ga tulin fure a kan tabarmar goge ƙafa, jaja-jaja mai haske, an naɗe shi a farar takarda, har da ɗan danshi. Ƙafata tana sama na gan shi. Na mayar da ita a hankali.

"Hajiya, zo ki ga."

Ta leƙo ta bayan kafaɗata, ta yi salati. "Ka tsallaka?"

"Saura ƙiris."

"To kar ka kuskura. Na faɗa maka ƙafar nan tawa tun da muka tare ba ta daina ciwo ba."

Ƙafar ta shekara goma tana ciwo, amma ban ga lokacin gyara tarihi ba ne. Na ɗauko tsintsiya da abin kwasar shara, na tura furen cikin leda ba tare da hannuna ya taɓa ba, na tari tasi sai Mansur, wurin wani aminina tela mutumin Damagaram, wanda ba abin da bai sani ba in dai ba ɗinki ba ne.

Ya buɗe ledar da bakin almakashi, ya sunsuna daga nesa. "Wardi ne."

"Na san wardi ne. Me ke cikinsa?"

"Wa ka ɓata wa a gidan?"

"Ban san kowa ba balle in ɓata masa."

"To wa ke son abin da kake da shi?"

Nan na tuna wani abu. Don kuwa mai gadin gidan ya taɓa shaida mini cewa kafin mu zo, wani dattijo da ke hawa na uku, mutumin Ɗa'ifa, ya nemi a ba shi shaggar ƙasa, mai gida ya hana. Na faɗa wa tela. Ya ajiye almakashi ya ce to ai an gama shari'a. Ya ce in yayyafa ruwan gishiri a ƙofa, in furen ya sake zuwa in zuba shi a shara, kuma in daina amsa sallamar mutumin da fara'a mai yawa.

Daga ranar na shiga bincike. Ba yabon kai ba, da a hukuma nake da an ƙara mini girma. Na lura mutumin yana gaishe ni a masallaci da murmushi fiye da kima. Na lura idan zai hau sama sai ya ɗan tsaya ya kalli ƙofarmu, yana haki wai shi matakala yake tsoro. Rannan har ya tambaye ni, "Kef sihha, ya Hajj?" wato yaya jiki. Ina ruwansa da jikina? Na ce masa lafiya ƙalau, ƙalau, har sau uku, na miƙe gwiwa na taka kamar soja har na shige gida, sannan na zauna na yi nishi.

Bayan kwana shida aka sake ajiyewa, wannan karon ya fi na farko yawa. Na zuba masa gishiri na kai babban durom ɗin shara ta bakin titi. Da na dawo sai na ga ganyen furen ɗaya-ɗaya a kan matakala, sun hau sama. Ban bi ba. Tun da muka tare ban taɓa taka matakalar nan ba, kuma ban ga dalilin da zan kai gwiwata inda ake nemanta ba.

A ranar Hajiya ta jawo akwatunanta biyu daga ƙarƙashin gado ta fara ninke zannuwa.

"Ina zuwa?"

"Mansur, wurin ƙanwata. In an sake ajiye na uku, wallahi ba zan kwana a gidan nan ba. Kai ka zauna a yi ta yi maka ado da fure har a kai ka."

Na san ta. Idan ta tafi, sati ba zan yi ba zan bi ta, don ko shayi na dafa sai ya ƙone. Ƙanwar kuma a hawa na huɗu take. Shaggata ta tafi ke nan.

Sai na ɗaura aniyar kama mai aikin da hannu. Kullum in na dawo sallar asuba sai in ja kujera bayan ƙofa, in kafa ido a ɗan ramin leƙe, casbi a hannu. Kwana huɗu ina wannan gadin, idona ɗaya har ya fara ƙanƙancewa. A na biyar, rana ta ɗan ɗaga, wata tsohuwar mota ta tsaya a waje. Ga dattijon nan ya shigo rungume da kwali. Ya tsaya a ƙofarmu, ya dafa bango, ya sunkuya da ƙyar.

Na fizge ƙofa. Saura kaɗan ya faɗo cikin falo.

Larabcina na kasuwa ne, amma ranar ya zauna daram. Na ce, "Ya Shaikh, mene ne wannan?"

Ya ce, "Wardi."

Kowa sai ya ce mini wardi, kamar makaho ne ni. Na ce, "Na wa? Don me? Wa ya aiko ka?"

Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. Ya ce ƙaninsa ke da 'yar gona a kan dutse a Ɗa'ifa, wardi kuma sau ɗaya yake fure a shekara, 'yan makonni, a tsinke shi kafin rana ta yi zafi. Mahaifiyarsu ce ta saba, duk shekara in an fara tsinka sai ta sa a ajiye wa kowane maƙwabci a ƙofa, ba a ƙwanƙwasawa don kar a tashi mai barci, kuma kar a ɗora wa mutum nauyin godiya. Ta rasu, su suka ci gaba. Ya karkato kwalin, na ga ƙunshi bakwai, daidai da ƙofofin gidan.

Labari ya yi daɗi. To amma ni ma na iya labari. Na nuna ƙunshin da ke ƙasa na ce, "Tsallaka."

"Na'am?"

"Tsallaka shi in gani."

Ya dube ni, ya dubi furen, ya tattare rigarsa ya tsallaka. Na ce ya dawo. Ya sake tsallakowa. Ya tambaye ni ko haka ake godiya a ƙasarmu. Na ce eh, amma sai ga manyan mutane.

Sannan ya rage murya ya ce shi ma yana da tambaya. Ya ga wardinsa a cikin shara an yi masa gishiri. Iyalinsa sun kwana biyu suna shawara, matarsa ta ce wataƙila mu a wurinmu ci ake yi, mun gwada bai yi daɗi ba. Na ce kusan haka ne.

Da na ga ya sake, sai na jefa masa ainihin tambayar. "An ce ka nemi shaggar nan."

Ko ƙiftawa bai yi ba. "Na nema, wallahi. Har yanzu ina so. Ka ga matakalar nan? Ita za ta kashe ni. Ya Hajj, don Allah in za ku tashi, ni za ka fara faɗa wa kafin mai gida." Ya leƙa ta kan kafaɗata, ya hango akwatuna biyu a tsakar falo, fuskarsa ta washe kamar an ce masa gobe salla. "Tafiya za ku yi?"

Kafin in haɗa amsa, sai muryar Hajiya daga bayan labule. Ashe duk tana ji, kuma Larabcinta ya fi nawa nesa ba kusa ba, don dai ba ta ɓata shi a kan maza. Da Hausa ta yi magana.

"Malam, me ya ce? Yana so?"

"Ya ce yana so."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Au. To ce masa shara nake yi a ƙarƙashin gado."

Na fassara. Dattijo ya ce masha Allah, tsabta aba ce mai kyau, amma muryar ta ɗan faɗi. Ya ɗauki kwalinsa ya fara hawa, yana tsayawa a kowace matakala uku.

Na rufe ƙofa. Hajiya ta riga ta zuge akwatin farko tana fitar da zannuwa.

"Ba kin ce gidan bai kwanta miki ba?"

"Bai kwanta ba. Amma in tashi in bar wa mutum ɗakina don ya kawo mini ciyawa? Yana nan yana ƙirga mana kwana, wallahi sai ya gaji." Ta nuna ƙofa da haɓa. "Shigo da shi, tunda ya tsallaka. Amma ka ajiye a taga, ba kusa da abinci ba."

Na shigo da shi. Ƙamshi kam akwai, ba zan ci haƙƙinsa ba. Shekara shida muka ƙara a shaggar nan, kowace shekara wardi na zuwa, kowace shekara mutumin na tambayar jikina, ni kuma ina ce masa ban taɓa jin ƙarfi kamar bana ba.