Minti Arba'in na Inna, Ba Murya

Shekara ashirin da biyu Mai Bidiyo ya yi a shagonsa na ƙarƙashin bene, tsakanin tela da mai gyaran agogo, kuma duk layin an san taurin kansa. Kwamfutarsa ta tsufa, sai an lallaɓa ta take tashi. Manhajar da yake haɗa bidiyo da ita kuwa ta girmi biyu cikin 'ya'yansa. In aka ce ya sauya, sai ya ce hannunsa ya saba, shi da ita mutu-ka-raba.

Ɗaukar taro ne aikinsa, kuma tsarinsa guda ne. Ya dawo ya zuba abin da ya ɗauka cikin manhajar, da zarar ya ga hoto ya fito sai ya goge katin kyamara saboda aikin gobe. Sifika kullum a kashe take, don shi hayaniyar taro ba ta dame shi ba, kiɗa yake ɗorawa a kai. Ko da tsohuwar kyamararsa ta mutu ya sayi sabuwa, bai sauya komai ba.

Yayarsa, wadda ke aure a wani gari, ita ta matsa masa a waya. "Auta, kana ta ɗaukar iyayen mutane, taka uwar fa? Je ka ta yi mana magana, mu ajiye muryarta."

Sai da ya ja ƙafa wata biyu, sannan ya je wata safiya. Ya zaunar da Inna a kujerar bakin taga, ya gyara labule, ya kafa kyamara. Su biyu ne kawai a ɗakin. Minti arba'in tana magana. Ya koma shago ya zuba, hoto ya fito tas, ya goge kati.

Bayan wata uku Inna ta rasu. Da masu zaman makoki suka watse, Yaya ta zo shago da hantsi, ta zauna a bencin masu jira ta ce ya kunna mata.

Ya kunna sifika, ya danna. Ga Inna nan, bakinta na motsi, amma shiru. Ya ƙure ƙara. Ya zare wayar sifika ya hura ya mayar. Ya sa waƙa don gwaji, ta tashi har tela ya leƙo. Da ya duba layin da sauti ke zama a ƙarƙashin hoto, sai ya gan shi wayam, babu ko ɗigo. Duk da haka bakin nan nasa bai mutu ba, ya ce, "Ƙaramin abu ne, Yaya."

Suka ɗauki kwamfutar suka kai wa wani mai gyaran kwamfuta a saman bene. Mutumin ya duba, ya tambayi irin kyamarar, ya ce, "Ai kyamara ta ɗauki murya, ba laifinta ba ne. Sababbin nan suna naɗe sauti da wani tsari da tsohuwar manhajarka ba ta sani ba, sai ta karɓi hoto ta yar da sauran. Kawo katin, in juya maka na asalin, yanzun nan za ku ji ta."

Mai Bidiyo ya ciro katin ya miƙa masa. Katin nan an goge shi an sake cika shi ya fi sau talatin. Duk da haka mai gyara ya yini yana tono, ba abin da ya fito sai guntayen taron yaye ɗalibai. Da Mai Bidiyo ya kunna sifika na minti ɗaya a ranar da ya ɗauki Inna, da ya gane. Wannan minti ɗaya shi ke cin sa har yau.

Yaya ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Suka sauko, ta ce, "To kai da ke ɗakin, me ta ce?"

Ya lalubi kansa, bai samu komai ba. Ya tuna rana ta yi ta matsowa kan fuskarta yana jan labule. Ya tuna batir ya kusa ƙarewa. Maganar kuwa ya bar ta, a ransa ai tana ciki, zai saurara in ya samu sarari. Kunya ta rufe shi, ya faɗa mata gaskiya.

Ta ce ya sake kunnawa haka nan. Suka zauna suna kallon Inna tana ƙirga wani abu da yatsu, tana dariya, tana share ido da gefen mayafi. Can wajen ƙarshe ta ɗago ta dubi kyamara, bakinta ya yi ɗan motsi, ta jira. Ta sake, ta kuma jira.

"Tsaya, mai da baya," in ji Yaya. Ta matso da fuskarta jikin gilashin. "Kai take kira. Auta take cewa. Me ka ce mata?"

Ranar nan bai ce wa Inna komai ba. A hoton, Inna ta ɗan ƙara jira, sannan ta sauke kai ta gyara zama.