Yadda Na Rama wa Auta da Layi Uku

Ni a aji uku na firamare karatuna ya tsaya, amma kunnena bai tsaya ba. Ina tsakar gida ina murza taliya, duk da haka babu gidan da ban san asalinsa ba a unguwarmu a Daura. Shi ya sa masu binciken aure sai sun biyo ta wurina.

Autata ta gado bakina. Wata rana ta dawo daga makaranta ta ƙi cin abinci. Ashe malamar Turanci ce ta ba su labari, ta ce su fitar da abu uku kawai, kowanne a layinsa: su wa ke ciki, ina abin ya faru, yaya ya ƙare. Auta kuwa ta cika shafi biyu, har da kalar akuyar da ke labarin. Malama ta ɗaga takardar a gaban aji ta ce, "An ce ki tsamo, kin juye mana tukunya. Surutu dai gado ne, kamar uwarki."

Kamar uwarki! Malamar nan fa, yarinya ce da na sha goyawa in uwarta za ta unguwa.

Sati guda Auta ba ta magana a gida. Na zuba wake a faifai ina tsince tsakuwa, na ce ta karanta labarin ta fassara mini.

"An tambaye ki akuya?"

"A'a, Inna."

"To tsakuwa ce, jefar."

Haka muka tsince shi tas, har ta gane kan abin. Amma ni ban huce ba.

Ba a rufa wata biyu ba sai ga Malama da sallama. Ƙaninta ne ke neman auren wata yarinya a garin Dutsi, uwar yarinyar kuwa 'yar unguwarmu ce.

"Inna, an ce ke kika san gidan ciki da bai."

Na shimfiɗa mata tabarma, na dama mata fura, sannan na ɗaga yatsa.

"Na ɗaya, 'yar Dutsi ce. Na biyu, ubanta manomi ne. Na uku, tana nan da ranta."

"Haba Inna, halinta fa? Tarbiyyar gidan fa?"

"Ai an hana mu juye tukunya, Malama."

Sai ta ajiye furar. Ta fara ba ni haƙuri, na ce ba a tsakar gidana aka yi ɓarin ba, a koma inda aka zubar a kwashe.

Ran Litinin Auta ta shigo da gudu, bakin nan ya buɗe: Malama ta ba ta haƙuri a gaban aji.

Da Malama ta dawo, na ɗauko mata tarihin gidan tun daga kakan kaka, daga azahar har la'asar sakaliya, ko gyara zama ban bar ta ta yi ba. Alhali 'yar Dutsin nan yarinyar kirki ce, da kalma ɗaya ma ta isa.