Na Hana Baba Shiga Kallon Wasana

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu ni yaro ne dogo siriri, ɗan ajin ƙarshe a hai-sukul, wato sakandare, a garin Greensboro, kuma ba abin da ke kaina sai ƙwallon kwando. Daga Maraɗi aka kawo ni ina da wayona, shi ya sa Hausata ba ta gudu ba irin ta ƙannena da aka haifa a nan, waɗanda za ka yi musu magana da Hausa su mayar maka da Turanci. Muna zaune a wani afatmen na haya da ke bayan titin Wendover. Baba yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani katafaren sito, Mama kuma tana kitso a falo. Ni ne ɗan fari, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san me wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana nemana sai ya tambayi Mama ina yaron nan, ko da ina tsaye a gabansa. Bai yabona, bai zama hira da ni, in na shigo falo sai ya ƙara wa rediyo murya. Alkunya ce irin ta mutanenmu, amma ni da na girma ina ganin iyayen abokaina suna rungume 'ya'yansu a fili, sai na ɗauka kawai ban cika masa ido ba.

Halina a lokacin, wallahi ni kaina ban so in zauna da mai irinsa ba. Komai sai ya fita daidai. Idan na jefa ƙwallo ta taɓa ƙarfen kwandon kafin ta shiga, a wurina ba ta shiga ba, sai na sake. Kowa ya watse daga firatis, wato atisaye, ni ina nan ina jifa har mai shara ya kashe mini fitila. Ban iya zama wuri ɗaya, ko abinci nake ci ƙafata na karkarwa a ƙarƙashin tebur. Sannan ga camfi. Akwai katun ɗin Japan na 'yan wasa da nake kallo, inda kowane gwani ke da ɗan abin da ya riƙe na sa'a, sai na haɗa wannan da tsorace-tsoracen da na taso da su daga gida, na ƙera nawa. Ranar gem, wato ranar wasa, ba na cin komai sai furar da Mama ke damawa da yogot ɗin kanti. Igiyar takalmin dama nake fara ɗaurewa, in na yi kuskure sai na kwance duka biyun. Akwai safa ɗaya da ba a wanke mini in dai mun ci wasa da ita, akwai kuma ƙwallon dabino da nake cusawa a cikinta ta gefen idon sawu. Ranar da Mama ta wanke safar nan saboda wari ya ishe ta, na yi mata fushin da har yau nake jin kunyarsa. Ta ce in ji tsoron Allah, mutum yana salla yana kuma dogara da ƙwallon dabino. Na ce mata ba dogara ba ce, tsari ne kawai. Ƙarya nake yi, tsoro ne ya cika ni.

A shekarar nan ta ƙarshe koci ya gaya mini cewa masu neman 'yan wasa daga jami'o'i za su riƙa leƙowa, kuma in na riƙe hannuna yadda yake, sukolashif, wato karatu kyauta, ba zai gagare ni ba. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Ana cikin haka, a wani gem da aka yi a makarantarmu, na ɗaga kai ina shirin jifa sai na hango Baba can saman bencin 'yan kallo, da jaket ɗin aikinsa da hularsa, shi kaɗai a kusurwa. Mutumin da tun da na fara wasa bai taɓa tambayata ko an ci ko an sha kaye ba. Aka yi mini ƙeta aka ba ni firi-turo, wato jifan da ba mai tare ka, abin da nake yi ko ido a rufe, sai ga shi na ɓarar. Na sake ɓararwa. Da aka tashi ban same shi ba, ya riga ya fita mota.

Gem na gaba ya sake zuwa, wannan karon ya sauko tsakiyar benci. Abin da ya fi damuna fuskarsa ce. Ya tamke goshi, ya ƙanƙance idanu, ya miƙo wuya gaba yana bina da kallo kamar mai duba aibu a jikin ragon da zai saya. Sauran iyaye na tafi suna kiran sunayen 'ya'yansu, shi ko motsi. Hannuna ya yi nauyi, na yi ta zubar da ƙwallo. A zuwansa na uku ya zauna a layin gaba, dab da fili, har ina jin ƙamshin turarensa in na wuce. Ran nan na yi wasan da ban taɓa yin mai muninsa ba, koci ya fitar da ni ya zaunar a gaban wani baƙo mai riƙe da takarda da na tabbata daga jami'a yake. Ina zaune ina kaɗa ƙafa ina bincike a raina. Fura na sha, safa ita ce, dabino na nan, igiya na ɗaure daidai. Abu ɗaya ne ya canza, kuma ga shi can zaune da hula.

Na sami Mama tana tsefe wa wata mata kai, na jira ta gama, na ce ta gaya wa Baba ya daina zuwa, idonsa ba ya yi mini kyau. Ta ajiye matsefin ta dube ni. Ta tambaye ni ko na san abin da bakina ke faɗi. Ta ce ita ba za ta ɗauki wannan saƙo ba ko za a yanka ta, kuma in ina da hankali in haɗiye shi. Na ga kamar akwai sauran magana a bakinta, amma ta juya ta shiga kicin. Ni kuwa idona ya rufe. Washegari Baba na kai ni firatis, yana tuƙi a hankali ya kifa ƙirji a kan sitiyari, motoci na ta yi mana ham a Wendover, ni ina ta tsaki a ciki don zan makara. A nan na faɗa masa. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce ba laifinsa ba ne, na ce kowane ɗan wasa da irin nasa, amma dai na faɗa. Bai juyo ba. Can ya tambaye ni, ganin da yake yi mini ne ke ɓata wasan, ko ganin da nake yi masa. Na ce duka biyun. Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka yi a shekarar.

Abin takaicin shi ne, da ya daina shiga sai hannuna ya dawo. Na riƙa zura ƙwallo ta ko'ina, koci na dafa kafaɗata, ni kuma ina ƙara gaskata shirmena. Na ƙara wa camfin ƙarfi, kafin a fara kowane wasa sai na bi benci da ido layi-layi na tabbatar babu hula. Ban lura da abubuwan da ke faruwa a gidanmu ba. Ban damu da cewa Mama ce ta koma tuƙa mu ba, Baba na zaune a kujerar gefe. Da na tambaya sau ɗaya aka ce bayansa ke ciwo, na ce Allah ya sawwaƙe na ci gaba da naɗa filasta a yatsuna. Ban lura an sauke shi daga motar ɗaga kaya an mayar da shi naɗe kwali ba. Ban lura ya daina karatu da ƙaramin Alƙur'aninsa ya koma sauraren kaset ba. Abin da na sani kawai, za su sauke ni a ƙofa, Mama ta shiga kallo, shi ya zauna a mota a wurin fakin har a tashi. Na ma ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini.

Wasanmu na ƙarshe a wata makaranta ce ta wajen Summerfield, wanda ya faɗi ya fita daga gasar. Na cika kowane sharaɗi nawa, babu abin da na bari. Saura ƙiris a tashi, suna gabanmu da kaɗan, ƙwallo ta zo hannuna a wurin da na fi ƙwarewa, ba kowa a gabana. Na jefa, ta daki ƙarfe ta fita. Na tsaya ina waige-waige a benci ina neman wanda zan ɗora wa, babu hula, babu kowa, sai ni. Na fito ban ko canza kaya ba. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, amma na tarar Baba ya sauke gilashin motar har ƙasa, ya jingina kai a ƙofa, kunnensa na fuskantar ginin. Na tsaya a gabansa sosai bai san ni ba ne sai da na yi tari. Ya gyara zama da sauri, ya ce wa Mama da ke bayana ya ji ihu mai yawa a ƙarshe amma bai gane na wane ɓangare ba ne, su yaron nan sun ci?

A gida Mama ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce tun kafin a koma makaranta likita ya gaya wa Baba yana da hawan jinin ido, an gano shi a makare, ganin zai yi ta tsukewa har ya tafi. Da suka fito daga asibiti abin da ya fara ce mata shi ne yana so ya ga wannan wasa da yaron nan ke yi kafin abin ya rufe. Ya ajiye alkunyar da ya riƙe tun ranar da aka haife ni, ya nemi canjin lokacin aiki, ya zo. Daga sama bai iya bambance ni da sauran, shi ya sa ya sauko tsakiya, daga nan ma lambar rigata ta gagare shi, ya sauko gaba. Tamke goshin da na ɗauka raini ne, nemana yake yi. Ya hana ta gaya mini don kada hankalina ya rabu ga jarrabawa ga wasa. Ranar da na yi masa maganar nan a mota, ta ce ya dawo ya ce mata ba komai, ai ya riga ya gani.

Na shiga falo na durƙusa a gabansa. Ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyo murya, ya ce in tashi, gwiwa ce jarin ɗan wasa. Da bazara ta shigo na roƙi Mama ta roƙe shi, muka je wani ƙaramin fili kusa da gida, na ajiye masa kujera a gindin kwandon. Ya ce yana ganin inuwa na motsi. Na ja baya na yi jifa irin wanda na kashe ƙuruciyata ina gogewa, ta shige tsaf ba ta taɓa komai ba, kwandon kuma ba raga. Baba na nan zaune yana jira. Bai ji komai ba. Sai na koma ina dukan allon da ke bayan kwandon da gangan, ƙwallo ta buga katako ta gogi ƙarfe ta faɗa ciki da ƙara, irin jifan da a da nake ƙyama. Duk wadda ta yi ƙara sai ya gyaɗa kai ya ce madalla. Na cire ƙwallon dabinon a ranar na jefa cikin ciyawa.

Na samu karatu a wata ƙaramar jami'a, na yi wasa na ɗan lokaci, yanzu ina da iyali da aikina. Baba na nan da ransa, ganin ya tafi gaba ɗaya. Na roƙi gafararsa ya fi a ƙirga, kullum sai ya kawar da zancen, har yau kuma bai kira sunana ba. Ba ni da natsuwa a kan wannan abu, in na tuna sai in tashi in yi ta zagaye ɗaki.

Shi ya sa na rubuto. Matasanmu da ke tasowa a ƙasar nan, ku yi hattara da camfi, yana farawa ne da safa da igiyar takalmi, ba ka ankara ba ya kai ka ga mutum. Ka yi iya ƙoƙarinka ka bar wa Allah sauran, ɓarar da ƙwallo ba mutuwa ba ce. Kuma kada ku auna iyayenmu da ma'aunin iyayen abokanku, shirunsu ba rashin so ba ne, in ka ga sun yi abin da ba su saba ba, tsaya ka tambayi dalili kafin ka buɗe baki. Iyaye ku ma ina roƙonku, ku riƙa faɗa mana abin da ke damunku, yaro ba ya karanta fuska yadda kuke zato. Duk abin da Baba ya gani da idonsa na wasana shi ne wasannin nan uku da na fi ɓararwa a rayuwata, na hana shi ganin sauran. Amma har gobe in an zauna bayan sallar Juma'a aka ɗauko zancen ƙwallo, sai ya gyara zama ya ce wa abokansa yaron nan gwani ne, shi da kansa ya gani.