Kunnen Washa na Dama

Mai Awo ake ce masa, kuma sunan ya bi shi, don mutum ne da ko ƙusa zai kafa a bango sai ya auna sau uku. Shekara talatin ya yi yana gyaran injinan masaƙa, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Amma a tsakar gidansa akwai wata tsohuwar mota baƙa, ta mahaifinsu, lulluɓe da tamfol, wadda bai taɓa ɗora wa sifana ba tsawon waɗannan shekaru. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, 'ya'yansa sun girma suna zagaye ta kamar kabari.

Labarinta gajere ne, mai ɗaci. Shi da ƙanensa, Bahago, suka sauke injinta suka gyara suna samari. Kwana tara bayan nan ciwon mahaifiyarsu ya tashi da rana tsaka, suka sa ta a baya sai asibiti, Mai Awo na tuƙi. A tsakiyar hanya injin ya fara ƙwanƙwasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan ya buga. Kafin a samu wata mota Inna ta cika, kanta a cinyar Bahago. A gaban mutane Mai Awo ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai ne ba ka auna ba." Bahago ya kwashe kayansa ya koma ƙarshen gari yana gyaran keken ɗinki, kuma tun daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Ƙarar nan kuwa ba ta bar Mai Awo ba. Yana jin ta a famfo mai ɗiga, yana jin ta in matarsa na yanka albasa a kan katako.

Da ya yi ritaya, wata safiya ya yaye tamfol ɗin.

"Baban yara, me kake nema a cikin wannan gawa?" in ji matarsa.

"So nake in ji ta tashi sau ɗaya kafin in mutu."

"To, Allah ya sa ba ita za ta riga ka tashi ba."

Ya kwantar da injin a kan benci, ya buɗe cikinsa. Aikin da ke gabansa na haƙuri ne. Tsakanin karanshaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a tsakiyar inji, da metal, wato faifan ƙarfen da yake juyawa a ciki, dole a bar 'yar rata da ba ta kai kaurin gashi ba, don baƙin mai ya ratsa. In ta yi yawa inji ya yi ƙara, in ta yi kaɗan ya ƙone. Sai ya shimfiɗa siririn zaren darma a kai, ya mayar da murfi, ya ɗaure noti, ya kwance, ya auna yadda darmar ta baje.

Metal huɗu ne a injin. Na farko daidai. Na biyu daidai. Na huɗu ma daidai, cif, kamar jiya aka ɗaure. Ya ji haushin hakan, don gaskiya ba abin da ya zo nema ke nan ba, kuskuren Bahago ya zo nema.

Saura na uku, wanda ya ƙone ya yi baƙi ƙirin. Ya ɗauki kurfi zai miƙe washar da ke riƙe notin, sai hannunsa ya tsaya. Kowace washa kunne biyu gare ta, ɗaya ake lanƙwasawa. Bahago kullum na hagu yake bugawa, har mahaifinsu kan yi masa tsiya a kai. Ukun da Mai Awo ya kwance duk kunnen hagu ne. Wannan na dama ne.

Ya dai kwance notin. A bayan metal ɗin ya tarar da ɗan yankin gwangwani, siriri, an yi ciko da shi. Nan take ranar ta dawo masa: Bahago ya fita sayo darma don tasu ta ƙare, shi kuwa ya juya karanshaf da hannu, ya ji kamar da sako-sako, ya yanki gwangwani ya cusa, ya ɗaure noti ya buga kunnen dama, yana cewa a ransa hannunsa ma ma'auni ne. Ba mantawa ya yi ba. Binnewa ya yi, ya ɗora tamfol a kai.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da Inna ta rasu. Zai iya jefa washar a bola, babu mai sani. Ya kai awa guda a zaune, sannan ya naɗe ta a hankici ya fita.

Ya sami Bahago a ɗan shagonsa, kai ya yi fari fat, yana ɗiga wa wani keke mai. Mai Awo ya buɗe hankicin a kan tebur.

Bahago ya dubi washar ta saman tabarau, bai ko taɓa ta ba.

"Na uku ne ko, Yaya?"

"Ka sani?"

"Da na dawo da darmar na ga ka riga ka ɗaure. Na ji nauyin in ce wa yayana ya kwance."

"Shekara talatin, ɗan'uwana! Me ya hana ka faɗa?"

"Kai ke riƙe da sitiyari ranar. Na ga idonka. Na ce in aka haɗa maka tuƙin da laifin ba za ka kai labari ba." Ya goge hannunsa da tsumma. "Ni ma ai na yi shiru lokacin da ya kamata in yi magana. Har yau ina jin ƙarar."

Ya jawo wata kujera da ƙafar hagu, ya tura masa.

"Zauna, Yaya. Ka daɗe a tsaye."