Gwangwanin Lauwali Fita

Lauwali ya zo Accra daga Dogonduci ta ƙasar Nijar a shekarar 1999, a bayan motar albasa. Shekara biyu ya yi yana sauke buhuna a kasuwar Agbogbloshie. Da bayansa ya fara ciwo sai wani tsohon mai gyaran babur a Maamobi, Baba Bashiru, ya karɓe shi ya koya masa aiki. Da tsohon ya rasu, Lauwali ya gaji rumfar: kwano huɗu a kan itace, a bakin babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi. Tun daga lokacin ake ce masa Lauwali Fita, don a nan haka muke kiran bakanike.

Yana gyara kowane irin babur, amma abin da aka san shi da shi shi ne ƙananan nan masu wurin ajiye ƙafa a gaba, waɗanda malaman makaranta da masu kai saƙo suke hawa. A cikin su ma, aikin ƙafafun gaba ne ya fi ƙwarewa. Ƙafafun nan bututu ne guda biyu da ke riƙe da tayar gaba. Kowanne da sifirin da mai a ciki, su ne ke shanye duka idan taya ta faɗa rami. A titunanmu man nan ba ya wuce shekara ɗaya bai zama baƙin ruwa ba.

Ni akawu ne a wani ƙaramin asibiti a Kokomlemle. Tun 2011 nake kai masa babur ɗina, kuma duk ranar da aka taɓa shi nakan rubuta a littafin aljihu, da abin da aka yi masa. Na sha zama ina kallon aikin. Sai ya ɗora gaban babur a kan kututture, ya cire taya, ya sassauta notuna, ya zaro ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Ya danne murfin sama da babban yatsa, ya fitar da ƙaramin zoben da ke riƙe da shi, ya zare sifirin. Ya kifa bututun a kan tsohuwar roba yana tura shi yana ja har tsohon man ya ƙare, ya ɗauraye da kananzir, ya jingine ya tsane. Ba ya magana a wannan lokacin. Sai an zo zuba sabon mai yake cewa bismillah a bayyane.

Ma'auninsa gwangwanin tumatir ne, matsakaici, wanda ya gada daga Baba Bashiru. Cike ɗaya har baki ga kowace ƙafa. Bai san adadin da ke rubuce a littafin kamfani ba, bai kuma taɓa nema ba. Na taɓa kawo masa sirinji mai lamba daga wurin aikinmu. Ya karɓa ya yi godiya, ya mayar da shi abin ɗiga mai a wayar birki.

A watan Yunin bara kwata ta cika ta yi ambaliya da rana tsaka. Ruwa ya shiga rumfar har gwiwa, ya tafi da akwatin katako da ke ƙasa, da sifana uku, da gwangwanin. Kashegari Lauwali ya sayi tumatir mai suna ɗaya da hoto ɗaya da wanda ya ɓace a shagon kusa, ya ba matarsa ta yi miya, ya wanke gwangwanin ya ci gaba da aiki.

Cikin watan Agusta aka fara dawowa. Na farko Mujeeb ne, mai kai abinci ofisoshi, wanda a nan Nima aka haife shi, Hausarsa ta zango ce.

"Masa, moto na yana kuka fa," in ji shi, don Masa suke ce wa maigida. "In na shiga rami sai ƙwam! Kamar an buga ni da guduma. Kai ne ya yi shi wata ɗaya da ya wuce."

"Kai ne dai ba ka san birki ba," in ji Lauwali. "Kana tafiya kamar ana bin ka."

"Cale, abokina, ana bi na mana. Shinkafan mutane yana sanyi."

Lauwali ya kwance, ya duba robar da ke tare mai, ya ga ba ta yoyo. Ya zuba sabon mai, gwangwani ɗaya har baki. Bayan kwana tara Mujeeb ya sake dawowa da kuka ɗaya. A karo na uku bai zo ba, ya kai wa wani fita a New Town, aka yi masa, ƙarar ta tafi. Kuma bai ɓoye ba. A majalisar da ake shan shayin ataya bayan masallaci ya ce hannun Baba Lauwali ya tsufa.

Nawa an yi shi ranar sha huɗu ga Agusta. Mako bai cika ba na ji gaban yana nutsewa idan na taka birki, yana bugawa a tudun da ke gaban kasuwar Nima. Ban so in faɗa masa ba, amma na faɗa.

Ya zauna a kan benci ya goge hannu da tsumma.

"Akawu, kai ne na bakwai," in ji shi. "Na canja mai, na sayo mai tsada. Na canja roba. Na canja sifirin a babur ɗin Malama Hafsa ba tare da ta ce in canja ba. Abin da na yi shekara ashirin ina yi shi nake yi. To in ba mai ba ne, ba roba ba ce, saura wa?"

Ya ce ya je an duba masa ido, an ce ba komai. Ya je wurin wani malami an ba shi rubutu ya sha. Sannan ya gaya mini abin da ya yanke. Ƙanensa Husseini yana gadin wani sito a Tema, ya ce ana neman mutum na biyu. Idan wata ya ƙare abin bai gyaru ba, zai sayar da kayan aiki ya tafi. Ya ce ba zai zauna yana ɓata wa mutane abin hawa ba, wata rana wani ya faɗi a titi a ce daga rumfarsa ya fito.

Na koma gida na buɗe littafina. Sau goma sha biyu ya canja mini man nan, ba a taɓa samun matsala ba sai wannan. Na bi sauran mutum shida na tambaye su ranar da aka yi musu. Wasu sun tuna da kansu, wasu sai da suka duba saƙon waya. Dukansu bayan ambaliya ne. Na kuma sami mutum uku da aka yi wa kafin ambaliya, nasu lafiya lau. Na kai masa wannan a rubuce ranar Asabar. Ya duba takardar ya ce to ai ya sani, tun ranar ruwan nan abubuwa suka juya masa. Ni ma a nan na tsaya, ban san abin da ruwa ya canja ba.

Muna cikin haka matarsa Sabuwa ta iso da abincin rana. Ita tana sayar da gari da wake da barkono a Kasuwar Malam Atta, inda komai da gwangwani ake auna shi, daga babban nan da ake kira olonka har zuwa ƙananan tumatir. Ta ajiye kwano, ta gaishe ni, ta tsaya tana jin mu. Lauwali na zuba mai a ƙafar wani babur a lokacin.

"Malam, da wannan kake awo?" in ji ta.

"Da me zan yi? Ke kika yi miya da shi."

Ta karɓa, ta zubar da sauran man a roba, ta kifa shi a tafin hannu ta duba gindin. Ta sa yatsa a ciki. Sai ta yi dariya har ta dafa sandar rumfa.

"Wannan ai na sayarwa ne."

"Kamar yaya na sayarwa?"

"Sun rage shi tun shekara uku. Tsawon yana nan, hoton yana nan, amma dubi gindin, sun tura shi ciki. Bakin ma ya fi tsuke. Kowace mace a kasuwa ta san wannan. Da tsohon muke saye, da sabon muke sayarwa."

"Sabuwa! A gaban Akawu?"

"Akawu ai matarsa a wurina take sayen wake. Ita da tsohon nake auna mata."

Lauwali bai yi dariya ba. Ya ce mata ta je ta kawo tsohon yanzu. Ta ce ba za ta bar rumfarta a hannun maƙwabciya har la'asar saboda gwangwani ba, kuma shi ne ɗaya tilo da take da shi. Ya ce shi zai kai ta. Suka hau babur ɗina, ni na zauna gadin kayan aiki.

Da suka dawo ya cika tsohon da ruwa har baki, ya juye a sabon. Sabon ya cika ya zuba a ƙasa. Ya sake yi, a wannan karon a kan faranti, ya auna abin da ya zube: cokalin miya ɗaya da ɗan ƙari. A bututun da bai fi kaurin sandar tabarya ba, wannan ya isa ya bar fanko a sama, ƙafa ta tafi har ƙasa ta bugi ƙarfe. Ya kwance nawa nan take, ya zuba da tsohon, ya tura ya ja har kumfa ta daina tasowa, ya ɗaure. Na hau na bi ta tudun kasuwar Nima sau biyu. Ba ƙara.

Na ɗauka zai yi shiru ya gyara na duk wanda ya dawo. Bai yi haka ba. Ranar Juma'a bayan an sallame, ya tsaya a ƙofar masallacinmu ya ce duk wanda ya canja wa man gaba tun daga watan Yuni ya kawo, ko yana ƙara ko ba ya yi, kuskuren daga wurinsa ne, ma'auninsa ne bai cika ba. Wani ya ce ashe fita ma yana tauye mudu, aka yi dariya. Ya tsaya har aka gama dariyar, ya maimaita sanarwar don na baya su ji.

Mutum goma sha tara ya iya tunawa. Cikin mako uku goma sha shida suka kawo. Biyu sun riga sun sayar da nasu, ya bi ɗaya har Kotobabi ya sami wanda ya saya. Mujeeb bai kawo ba, ya ce nasa ya riga ya gyaru, kuma har yau New Town yake kaiwa, ko da yake yakan tsaya su gaisa.

Sabuwa ta ƙi bar masa gwangwaninta. Sai da ya kawo mata wani tsohon da ya samo a wurin wata mai sayar da daddawa a Zongo Lane suka yi musanya, bayan ta gwada su da gero ta ga sun yi daidai. Ya ɗaure shi da waya a saman sandar rumfa, inda ruwa bai taɓa kaiwa ba. Ya kira Husseini ya ce a ba wani aikin gadin.